Abin da Ya Maƙale a Gaban Lagireto

Rana ta riga ta sauka bayan katanga lokacin da Injiniya ya ɗaure waya ta ƙarshe a bakin bambar motarsa. Ya ce bismillah, ya murɗe ta da filaya, ya ja baya yana goge hannu a cinyar wando. Tsakar gidan ta yi irin shirun nan na gab da magariba. Kaji sun hau kan tsohuwar taya sun lafe. Daga kicin ana jin motsin murfin tukunya, daga ɗaki kuma muryar 'yarsa Auta, tana bitar karatun jarrabawa ƙasa-ƙasa.

Injiniya dai suna ne da unguwa ta laƙaba masa. Makanike ne, kuma sau ɗaya ya taɓa shiga jami'a, ranar da aka kira shi ya tayar da motar wani malami da ta mutu a bakin ƙofa. Amma hannunsa na da kyau, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Motar nan gawa ya saye ta, ƙarama, tsohuwa, ya ɗora mata turbo, na'urar ƙara wa inji ƙarfi, da ba nata ba, ta koma tana gudu kamar an aiko ta ɗaukar rai. Ciwonta ɗaya ne, zafi. In ya taka ta minti goma sai allurar zafi ta haye ja, ruwa ya hau tafasa, a tsaya gefen titi ana yi mata fifita kamar mai jego. Ya canza lagireto, ya canza fanka, ya zagi wanda ya ƙera ta har kakanninsa, duk a banza.

Sai wata rana yana kwance a ƙarƙashinta ya gano bakin zaren. Iskar da ke shiga ta bakin bamba ba ta ratsa lagireton. Malalaciya ce, inda ta ga sauƙi nan take bi. Sai ta zille ta gefe, ta sulale ta ƙasa, ta bar lagireton yana dahuwa shi kaɗai. Don haka ya yanko fallayen alminiyam huɗu, ya lanƙwasa su, ya yi wa motar wani mazurari tun daga bakin bamba har jikin lagireto, sama da ƙasa, dama da hagu. Ribit, ƙusoshin nan na haɗa ƙarfe da ƙarfe, sittin da biyu ya buga. Duk inda 'yar kafa ta rage ya cusa soso ya bi da gam, har sai da ya tabbata ko numfashin sauro ba zai fita ta gefe ba. Kuma yana da wata ɗabi'a tun farkon koyon aikinsa, ba ya buga ribit ko ya ɗaure noti sai ya ce bismillah. Abokan aikinsa kan ce ya fi liman yawan bismillah.

Da la'asar ɗin ranar suka fita gwaji, shi da ƙanin matarsa, direban tasi mai bakin da ba ya hutu, wanda kowa a gidan ke kira Kawu. Suka hau doguwar hanyar bayan gari. Injiniya ya taka, turbo ya yi fito, allurar zafi ta tsaya cak a tsakiya kamar an kafe ta. Can gaba sai ga wata 'yar guguwa, ba ta fi tsayin ƙaramin yaro ba, tana juyi da ledoji a tsakiyar titi.

"Kauce mata, Injiniyan ƙarya," in ji Kawu.

"In kauce? Ai irinta muka fito nema. Ta shiga ta yi mana aiki."

Ya ratsa ta tsakiyarta. Motar ta yi ɗan tari sau ɗaya, ta ci gaba. Suka dawo gida suna dariya, ya ɗauko ragar waya ya rufe bakin mazurarin don kada tsakuwa ta shiga ta huda lagireto. Ita ce wayar da ya gama ɗaurewa yanzu.

Matarsa ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Baban Auta, ka gama, ko in shimfiɗa maka tabarma a ƙarƙashinta ka kwana can?"

Bai kai ga ba ta amsa ba dutse ya faɗo kan kwanon rufi.

Suka ɗaga kai. Wani ya sake faɗowa, sannan wani, a hankali, kamar mai jifan yana ƙirgawa. Injiniya ya fita waje da niyyar kama ɗan wanda ba a yi wa tarbiyya ba. Layin babu kowa, sai wata akuya da ke kallonsa. Da ya dawo ya tarar jifan ya sauko daga rufi zuwa tsakar gida. Ya sunkuya ya ɗauki ɗaya daga abin da ake jifan da shi. Noti ne, nasa, da baƙin mai a jiki. Ya waiwaya ya dubi akwatin kayan aikinsa. A kulle yake, makullin na aljihunsa.

Sai sifana mai lamba goma sha bakwai ta taso daga inda babu hannu, ta ratsa tsakar gidan tana juyi, ta sami matarsa a saman gira. Ƙarar da ta yi irin ta fasa ƙwarya ce. Matar ta zauna daɓas a ƙasa, ludayin na hannunta har yanzu, jini ya rufe mata ido ɗaya ya gangaro ta haɓa. Ba ta yi ihu ba. Cewa ta yi, "Wa na yi wa laifi?"

Aka kira sallah, jifan ya tsaya. A cikin shirun da ya biyo baya, yana danne mata goshi da tsumma, Injiniya ya ji wani siririn kuka daga wajen motar, kamar na ɗan kyanwa da aka rufe a kwali. Ya je ya haska fitila ta cikin ragar. Babu komai sai alminiyam mai sheƙi da fuskar lagireto. Ya ce wa kansa ƙarfe ne ke hucewa. Shekara talatin yana jin ƙarfe na hucewa, kuma ya san ba haka yake yi ba.

Washegari aka yi wa matar ɗinki huɗu. Kawu ya zo da yamma dubiya, ya zauna kan benci yana karkaɗa ƙafa.

"Yaya, gaya mini gaskiya. In mutumin nan ne ya jefe ki, yau sai na kwance masa turbo na sa a tasi."

"Rufe mini baki," ta ce, amma ta ɗan yi murmushi.

"Aljanin da zai yi jifa da sifana ai makanike ne. Injiniya, ko wani ka kora daga gareji ya mutu da haushinka?"

Injiniya bai yi dariya ba. Inuwar katanga yake kallo tana tsawo, tana cin tsakar gidan kaɗan-kaɗan. Da ta kai tayar motar, kajin suka tashi gaba ɗaya suka bar gidan ta saman katanga.

Wannan karon babu ƙirge. Duwatsu, notuna, fulogi, guduma, har jak, duk suka taso lokaci guda. Gilashin tagar falo ya tarwatse. Randar ruwa ta fashe gida biyu. Tukunyar da ke kan wuta ta fito ta ƙofar kicin ta daki bango, abin da ke ciki ya zubo yana tururi. Suka kwanta a ƙasa suna kare kai, matar na karanta duk abin da ya zo bakinta. A tsakiyar wannan ruwan ƙarfe Auta ta fito daga ɗaki.

Yarinya ce 'yar shekara goma sha tara, siririya, mai tsoron ƙadangare. Ta tako a hankali, babu ɗankwali, babu takalmi, tana taka fasassun gilasai kamar yashi. Ko tsinke bai taɓa ta ba. Ta je gaban motar ta durƙusa, ta kai fuskarta dab da ragar, ta fara wani gunji daga can ƙasan ƙirji. Ta kai hannu za ta kama wayar, hannun ya yi baya kamar ta taɓa garwashi. Ta sake kaiwa, ya sake dawowa. Sai ta hau yagar ƙasa da farce.

Kawu ya rarrafa ya dafa kafaɗarta. "Auta, 'yar gidan Kawu, tashi mu..."

Da hannu ɗaya ta ɗaga shi. Mutum mai tumbi, wanda in ya shiga tasi sai ta karkata, ta ɗaga shi kamar buhun auduga ta maka shi da katanga. Injiniya ya ji ƙarar ƙashi. Kawu ya zame ƙasa, hannunsa na hagu ya lanƙwashe ta inda ba gwiwa. Auta ta juyo ta kalli ubanta da idanun da babu baƙi a cikinsu, sannan ta faɗi kamar an zare mata laka.

A nan ne Injiniya ya yi abin da kowane uba zai yi, kuma shi ne mafi muni da ya yi. Ya sungume ta ya sa a kujerar baya, uwar ta shiga ta rungume ta, Kawu ya ja jiki ya shiga gaba yana nishi. Ya tayar da mota sai asibiti.

Minti biyar na farko lafiya. Da injin ya ɗau zafi Auta ta fara mutsu-mutsu. Sannan ta saki ƙara, ƙarar da ba ya fatan ya sake ji har ya mutu.

"Bayanta," in ji uwar. "Baban Auta, bayanta na hayaƙi."

Ya ƙara taka mota don su isa da wuri. Turbo ya yi fito, ƙarar yarinyar ta haura tasa. Warin fata mai ƙuna ya cika motar. Da fankar lagireto ta kama, sai ga tsaga na buɗewa a damatsanta ɗaya bayan ɗaya, jini na fesowa har kan madubi. Yana kuka yana ƙara wuta. Sai hannuwa biyu suka zagayo ta bayan kujera suka shaƙe masa wuya. Ya ga titi ya yi duhu, sitiyari ya kuɓuce, motar ta sauka gefe ta nutsa hanci cikin tulin yashin masu gini. Injin ya mutu.

Hannuwan suka saki. Auta ta koma ta kwanta, tana numfashi sama-sama.

Da fitilar waya uwar ta ɗaga mata riga. Tun daga kafaɗa har ƙugu, ƙuna ce layi-layi, sirara, a jere dab da juna, da ƙananan lanƙwasa a tsakaninsu. Injiniya ya daɗe yana kallo. Ya san zanen nan fiye da zanen tafin hannunsa. Fuskar lagireto ce.

Wata mota ta kai su asibiti, aka ɗaure hannun Kawu, aka wanke ƙunar, likita ya yi ta tambayar da wane ƙarfe aka yi wa yarinya haka yana kallon uban a kaikaice. Tasu motar kuwa turo ta aka yi har gida. Injiniya bai yarda an sake murɗa makullin ba.

Malamin da Kawu ya aika a kira ya iso washegari da la'asar a kan keke. Ɗan ƙaramin tsoho ne, da tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da zare. In ka gan shi a hanya sai ka ce aikensa aka yi. Ya jingine keken, ya dubi fasasshiyar randa, ya dubi goshin matar, ya dubi hannun Kawu.

"Kai ma ka taɓa ta ke nan."

"Gaisawa kawai muka yi, Malam," in ji Kawu.

Aka fito da Auta aka kwantar da ita rub da ciki a kan katifa a tsakar gida, don bayanta ba ya son taɓi. Malam ya yi alwala, ya zauna kusa da kanta, ya fara karatu. Muryarsa ba ta da ƙarfi. A hankali yake ja, kamar mai zare ƙaya. Aka daɗe babu abin da ya motsa sai inuwar katanga. Sannan yatsun ƙafar yarinyar suka fara rawa, rawar ta hau har wuya, ta tashi zaune ba tare da ta dafa ƙasa ba.

"Ya isa, mai tabarau." Muryar ta mace ce, amma babba, mai kauri, kamar daga cikin rijiya.

"Wace ce ke?"

"Uwa ce."

"Me kike nema a jikin yarinyar mutane?"

"Abin da ubanta ya nema a jikin nawa."

Malam ya waiwayo ya dubi Injiniya. Injiniya ya buɗe hannuwa.

"Dube shi," in ji muryar. "Baƙin hannu, farin ido. Shekara nawa motocinku na ratsa mu a hanyar nan? Mun taɓa magana? Yaranmu wasa suke yi da su. Su shiga ta baki, su fita ta gefe, suna dariya. Kowace mota tana da kafa. Kowace mota, sai ta wannan. Ya toshe sama, ya toshe ƙasa, ya toshe dama da hagu, kowace ƙusa da sunan da ba ma iya tsallakewa. Ɗana ya shiga, iska ta manna shi da ƙarfe mai wuta, ya suma. Kafin ya farfaɗo wannan mutumin ya kawo raga ya rufe bakin, ita ma da sunan. Kwana biyu ina jin kukansa, ba na iya kai hannu. Jiya kuma ya sake hura masa wuta."

Injiniya ya dubi bakin motar. Ya zauna a ƙasa.

"Ban sani ba," ya ce. "Wallahi ban sani ba."

"An ce maka kauce."

Kawu ya sunkuyar da kai. Da wata rana ce da sai ya yi wata guda yana tuna wa mutane cewa shi ya faɗa.

"Me ya hana ki faɗa da baki tun farko?" in ji Malam. "Kin fasa wa baiwar Allah goshi, kin karya wa wannan hannu."

"Kai in ka tarar da ɗanka a kan wuta, sallama kake yi?"

Malam ya gyara tabarau. "To, an ji. Za a buɗe. Ki fita daga jikinta."

"Rabin jikin ɗana ya ƙone. Na ɗauki bayanta, saura idanun."

"Yarinyar nan ba ta buga ƙusa ko ɗaya ba. Zalunci ne, kuma kin sani."

Ya koma karatu, wannan karon da ƙarfi. Jikin Auta ya banƙare, bakinta ya fitar da kumfa, muryar ta yi kururuwa har kwanon rufi ya amsa. Amma a cikin kururuwar hannun dama na yarinyar ya kama ɗan yatsanta na hagu ya lanƙwasa shi baya. Ƙas. Uwar Auta ta yi kanta, Kawu ya tare ta da hannunsa mai lafiya.

"Karanta," in ji muryar tana haki. "Kana ƙona ni, ina karya ɗaya. Ƙasusuwanta sun fi ɗari biyu. Mu ga wanda zai fara gajiya."

Hannun ya kama yatsa na gaba. Malam ya dakatar da karatun.

Injiniya ya miƙe. "Ni na rufe. Ki bar ta, ni ne. Bari in ɗauko injin huda, minti goma na cire ribit ɗin duka."

"Kada ka kuskura." Kan Auta ya juyo gare shi fiye da yadda wuya ke juyawa. "Ya kumbura ya cika akwatin. Duk inda ƙarfenka ya huda, jikinsa ne. Babu guduma, babu filaya, babu almakashi. Kuma ka dubi rana. In ta faɗi yana ciki ba zai kai ba. In bai kai ba, ita ma ba za ta kai ba."

Rana na zaune a kan katanga, ja, saura kamar kamu ɗaya.

"To da me zai buɗe?" in ji Malam.

"Da abin da ya rufe. Hannun nan nake so, a yanke shi a ba ni."

"Ba a yanka hannu a gabana. In an yanke, wa zai buɗe miki? Ke da ba kya iya taɓawa?"

Kan Auta ya karkata gefe. Ana jin numfashinta kamar zuga-zugi.

"To ya buɗe da hannu tsirara. Abin da ƙarfen ya ci nawa ne. Abin da ya rage nasa."

"Kuma ki bar idanunta. Ki fita, ba ke ba gidan nan, ba danginki ba, har abada. Ki rantse da wanda ya halicce ki ya halicce mu."

"In ya fito da rai."

"Rantse."

Ta rantse. Malam ya dubi Injiniya. "Ka ji sharaɗin. Hannunka ne abincinka, ba zan ce maka dole ba."

Injiniya bai ma tsaya jin ƙarshen maganar ba. Ya riga ya durƙusa gaban motar.

Wayoyin ragar goma sha biyu ne, kuma da filaya ya murɗe su, murɗa ta mai son aikinsa. Ya kama ta farko da farce. Bakin wayar ya shige ƙarƙashin farcen ya fito ta gefe. Ya warware ta haka nan. Kafin ta shida yatsunsa sun yi santsi da jini har wayar na zillewa, sai ya goga a ƙasa ya ci gaba. Farce biyu suka tafi. Ragar ta faɗo.

Babu abin da ya fito. Siririn kukan ne kawai, yanzu a fili, daga can ƙasan mazurarin.

"Ya manne a gam ɗinka," in ji muryar. Ta rarrafo da jikin Auta har bayansa, yana jin hucinta a ƙeyarsa. "Cire na ƙasan."

Ya kwanta rigingine ya shige ƙarƙashin bamba. Fallen ƙasa ribit goma sha takwas ke riƙe da shi, kowanne ya zauna daram, babu wanda ya yi sako-sako. A karo na farko a rayuwarsa Injiniya ya yi fatan da ma shi makaniken banza ne. Ya laluba ya sami bakin fallen, inda ya yanka da almakashi bai goge kaifin ba saboda ba a gani. Ya cusa yatsu huɗu na dama tsakaninsa da bamba, ya tokare ƙafa da taya, ya ja.

Alminiyam ya shiga nama kamar wuƙa a sabulu. Ribit ɗaya ya fita, tas. Ya sake ja. Na biyu, na uku. Jini na zubo masa a fuska, yana shiga ido, yana shiga baki. Ya ji lokacin da kaifin ya kai ƙashi, ya ji wani abu ya tsinke a cikin yatsansa kamar igiyar birki, yatsan ya saki. Ya ƙara da hannun hagu. Matarsa na kiran sunan Allah a wani wuri can nesa. Kawu ya durƙusa yana haska masa da waya.

"Saura nawa?" in ji Malam.

"Bakwai," in ji Kawu. "Ja, Injiniya. Wallahi na daina ce maka na ƙarya. Ja."

Hasken da ke kan katanga ya koma kamar zare. Injiniya ya naɗe fallen da ya yage a tafin hannunsa, ya cije leɓe har haƙori ya huda, ya ja da dukan abin da ya rage masa. Ribit ɗin suka fita a jere kamar ana ɓare masara. Fallen ya ɓalle gaba ɗaya ya faɗo masa a ƙirji.

Wani abu ya biyo shi. Bai gan shi ba. Nauyinsa kawai ya ji a kan tafukansa, kamar na jariri sabon haihuwa, da zafi, da warin gashi mai ƙuna. Abin na rawa. Injiniya ya turo kansa waje da gwiwar hannu, a hankali, yana tallafe da abin da ba ya gani, jininsa na ɗiga ta ƙarƙashi. Ya ji ɗan ƙaramin numfashi a wuyan hannunsa, yana shiga yana fita.

Hannuwan Auta suka miƙo suka karɓa. Ta rungume wofi a ƙirjinta, tana jijjigawa, tana wani ƙaramin sauti da hanci. Can ta ɗago ta dubi Injiniya, ta dubi hannuwansa, ta daɗe a kansu.

"Yana numfashi," ta ce. Muryar ta sauko, ta zama ta mace kawai, gajiyayya. "Na ɗauki biyu. Sauran naka ne."

Auta ta yi atishawa sau uku, ta kife. Wata 'yar iska ta zagaya tsakar gidan sau ɗaya, ta kwashi ƙurar gaban motar, ta haye katanga. Daga masallacin layi aka ɗaga kiran sallah.

Matar Injiniya ce ta fara isa gare ta. Yarinyar ta buɗe ido, baƙinsu ya dawo, ta dubi fasasshiyar taga, ta dubi tsohon da ba ta sani ba, ta dubi ɗan yatsanta da ya karkace ta fara kuka irin na mutane. Sannan ta hango ubanta zaune jingine da taya, yana ƙoƙarin ɓoye hannuwa a cikin riga.

"Baba, me ya same ka?"

"Aiki ne, Auta. Ƙarfe ya ɗan yanke ni."

Malam ya ɗaure masa hannuwan da rawaninsa, ya ce a yi maza asibiti, kuma a nemi motar maƙwabta. Ya hau kekensa ya tafi ko ruwa bai sha ba.

Auta ta warke, sai dai zanen bayanta bai goge ba, kuma ba ta tuna komai daga lokacin da take bitar karatu. Yatsu biyu na hannun daman Injiniya, manuni da na tsakiya, suka sandare a miƙe, ba sa lanƙwasuwa. Sai da ya shekara yana koyon riƙe sifana da hagu. Kawu kan ce yanzu duk wanda Injiniya ya gaisa da shi sai ya ɗauka nuna shi ake yi.

Labarin mazurarin kuwa ya bazu, ban da abin da ya biyo bayansa, masu motoci masu turbo suka riƙa kawo masa. Yana yi musu, sama da ƙasa, dama da hagu, da bismillarsa a kan kowane ribit. Amma a kusurwar ƙasa ta hagu yakan bar rami, daidai shigar dunƙulen hannun yaro. Wani matashi mai jar mota ya taɓa leƙawa ya gani.

"Maigida, ka manta nan. Ai iska za ta zille ta wurin."

"Za ta zille kaɗan."

"To a toshe mana, in don soso ne ina da shi a but."

Injiniya ya rufe bonet da gwiwar hannu, ya miƙa masa makulli da yatsu ukun da ke aiki.

"In toshewa kake so, ga gareji nan birjik a gari. Ni haka nake yin nawa."